Idan jikinmu yana da enzayim ɗin da ke lalata HIV, don me ƙwayar take cin galaba?

Ɗalibar_Micro:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya. Malaminmu ya ce a cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai wasu enzayim, wato furotin masu sarrafa sinadarai, da aikinsu shi ne ɓata wa HIV da danginta lissafi lokacin da suke hayayyafa. Ya ambaci APOBEC3G da SAMHD1, ya ce da su aka haife mu, ba sai an yi wa mutum allura ba. To abin da na kasa ganewa, in muna da wannan makami tun daga haihuwa, don me mutum zai kamu, kuma ya yi ta shan magani har ƙarshen rayuwarsa? Ko a kwalbar gwaji kaɗai suke aiki? Na so in tambaye shi lokaci ya ƙure. Masana a taimaka.

Mai_Shakka:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina ganin irin labaran nan ne da masu bincike ke ƙawatawa don a ci gaba da ba su kuɗi. Maigadin da kullum ake sata a gabansa, sunan maigadi kawai gare shi.

Sadiq_Lab:
Malam Mai_Shakka, ka yi haƙuri, maigadin nan yana aiki, ɓarawon ne ya zo da shiri. Bari in ɗauko daga tushe saboda ƙanwarmu mai tambaya.

HIV tana ajiye bayananta a RNA. In ta shiga sel, wato ƙwayar jikinmu, dole sai ta juya wannan RNA ya koma DNA kafin ta cusa shi cikin namu, kuma da enzayim ɗinta take yi, wanda ake taƙaita sunansa RT. Wannan juyin baya shi ya sa ake kiran dangin nan retrobairos. Temin da Baltimore suka gano RT a 1970. A wannan gaɓar ta juyawa ƙwayar take da rauni, domin akwai ɗan lokacin da zaren DNA ɗaya tilo yake tsirara, ɗan'uwansa bai riga ya rufe shi ba.

Abin da APOBEC3G yake yi yana da ban sha'awa. Ba ya kare sel ɗin da yake zaune a ciki. Yana laɓewa ne ya shige cikin sabbin ƙwayoyin da ake haɗawa, su fita da shi ba su sani ba. In sun shiga sel na gaba, RT ya fara rubutu, sai shi kuma ya bi zaren nan tilo yana cire wa harafin C (da haruffa huɗu ake rubuta DNA: A, C, G, T) wani ɗan guntu, C ya koma U. Da aka zo kwafar zare na biyu, sai a karanta U kamar T, a sa A a wurin da ya kamata a sa G. In abin ya yi yawa, G masu ɗimbin yawa sun koma A a littafin da duka-duka haruffansa ba su kai 10,000 ba. Ki ɗauki TGG, wanda ke nufin a sa sinadarin tiriftofan. In ya koma TAG, ma'anarsa "tsaya nan". Furotin ya yanke a tsakiya ke nan. Ƙwayar tana iya shiga DNA ɗin mutum, amma ta zama gawa, ba za ta sake haihuwa ba.

Ɗalibar_Micro:
Na gode Yaya Sadiq, yanzu na gane batun C da U ɗin, a aji ya shige min duhu. To amma ka ƙara min ruɗani ne. In har haka yake yi mata, ta ina take tsira?

Sadiq_Lab:
Ta Vif. Ɗaya ne daga cikin jin (gene) guda 9 na HIV-1, nau'in HIV da ya fi yaɗuwa, kuma babban aikin da aka san shi da shi shi ne wannan. Kowane sel yana da tsarin zubar da shara: in furotin ya lalace, a maƙala masa alamar yubikwitin, injin niƙa ya markaɗe shi. Vif sai ya kama APOBEC3G da hannu ɗaya, ya kama masu liƙa alamar da ɗaya hannun, wato Cullin5 da abokansa, ya haɗa su. Sel ɗinmu da kansa yake niƙe maigadinsa tun kafin ya sami damar laɓewa cikin sabbin ƙwayoyin.

BabanKhadija:
Ikon Allah. Wato da wuƙarka za a yanka ka.

Tsohon_Malami:
Ina so in ƙara tarihi kaɗan, domin shi ne amsar Mai_Shakka. An daɗe da sanin cewa in ka cire wa HIV jin ɗin Vif, tana hayayyafa lafiya a wasu sel na ɗakin gwaji, a wasu kuma ko motsi ba ta yi. Ciki har da sel na CD4 na ainihi, wato sel na garkuwar jiki da HIV ke kamawa, da aka ɗebo daga jinin mutum. Aka yi ta muhawara: shin sel ɗin da take rayuwa a ciki suna da wani abin taimako ne, ko waɗanda take mutuwa a ciki ne ke da wani abin hanawa? A 1998 aka narkar da iri biyun suka zama sel ɗaya, sai ƙwayar ta kasa. Aka gane akwai mai hanawa. A 2002 Ann Sheehy, a ɗakin binciken Michael Malim, ta kwatanta sel biyu 'yan gida ɗaya, CEM da CEM-SS, ta zaƙulo jin ɗin da ya bambanta su. Da farko CEM15 suka kira shi.

Don haka hujjar tana hannun ƙwayar ne. Halittar da littafinta bai kai haruffa 10,000 ba, ba za ta ɓata jin guda sukutum a kan abokin gabar da ba ya cizo ba.

Mai_Shakka:
Malam, na ji wannan. Amma ai ƙarshen zancen ɗaya ne, ita ke yin nasara. Ni da marar lafiya nake auna abu.

Hausa_Zalla:
Don Allah ku bar ni in ɗan karkata. Wannan "sel" da "jin" da kuke ta faɗa, ba mu da Hausarsu ne? Ai ƙwayar halitta ake cewa.

Sadiq_Lab:
Ranka ya daɗe, matsalar ita ce ƙwayar halitta ana faɗarta ga sel, ana faɗarta ga jin, ga kuma ƙwayar cuta a gefe. In na ce "ƙwayar halittar ƙwayar cuta ta shiga ƙwayar halitta", kai ma sai ka nemi ruwa ka sha.

Hausa_Zalla:
Hahaha na sallama. Amma wasu suna cewa tantani ga sel, ku riƙa tunawa da shi.

Zarah_Immuno:
Kun cika wa APOBEC baki kun manta da SAMHD1, alhali ta tambaya a kansa. Shi salonsa daban ne, ba ya taɓa ƙwayar ko kaɗan. RT magini ne, yana buƙatar tubali, wato dNTP, kuma ba ya zuwa da nasa, na sel yake ɗiba. SAMHD1 sai ya farfasa tubalan. Magini ya zo da cokalinsa ya tarar fili wayam. Shi ya sa HIV-1 take shan wuya a sel ɗin da ba sa rabuwa, irin su sel na garkuwar jiki da ake kira makrofaj, da na dendirit, da CD4 masu hutawa. Sel mai shirin rabuwa kuwa yana buƙatar tubalin don kansa, kuma a irinsa ana maƙala wa SAMHD1 fosfet a gurbi na 592, sai ya daina tare ƙwayar. CD4 da suka farka suna yaƙi su ne abincin HIV, kuma a nan ne wannan maigadin yake barci.

A 2011 aka gano aikinsa, ƙungiyoyi biyu a lokaci guda, ta Monsef Benkirane a Faransa da ta Jacek Skowronski a Amurka. Hanyar da suka bi ita ce dai ta bin sawun ɓarawo: HIV-2, ɗaya nau'in HIV ɗin, tana da wani furotin, Vpx, suka duba wa yake kamawa ya kai injin niƙa.

Ɗalibar_Micro:
Anti Zarah tsaya. HIV-2 ce take da Vpx, HIV-1 ba ta da shi? Ai an ce mana HIV-2 ta fi sauƙi, ba ta saurin kwantar da mutum, kuma yawancinta a Yammacin Afirka ta tsaya. Ya mai makami biyu za ta fi mai makami ɗaya rauni?

Zarah_Immuno:
Kin yi tambayar da ta fi ta farko. Haka ne, HIV-1 ba ta da Vpx. Abu biyu ake faɗa. Na ɗaya, RT na HIV-1 yana iya aiki da tubali kaɗan, a hankali dai, shi ya sa take lallaɓawa cikin makrofaj. Na biyu hasashe ne, kada ki rubuta shi a jarrabawa a matsayin tabbas: sel na dendirit su ne masu buga ƙararrawa. In ƙwayar ta shiga ta yi DNA a cikinsu, wani enzayim mai suna cGAS yana jin ƙanshin DNA a inda bai kamata ba, ya tayar da intaferon, sinadarin da ke faɗakar da garkuwar jiki. Ana ganin HIV-2 da ta fasa wannan ƙofar ta tashi masu gida ne, ita kuwa HIV-1 ta bi ta bayan gida shiru.

Ɗan_Famasi:
In ƙara a kan ta Zarah, mu a ɓangaren magani SAMHD1 ba koyaushe aboki ba ne. Akwai maganin sankarar jini, sitarabin, wanda in ya shiga sel yake rikiɗa ya yi kama da tubalin DNA. SAMHD1 bai san bambanci ba, shi ma farfasa shi yake yi. A 2017 aka nuna cewa masu sankarar jini irin ta AML da sel ɗinsu ke da SAMHD1 da yawa, maganin bai cika kama su ba.

Abu_Hafsat:
Kun manta da tetherin da TRIM5. Na karanta cewa tetherin shi ne enzayim ɗin da ya fi duka ƙarfi, yana ɗaure ƙwayar a bakin ƙofa.

Tsohon_Malami:
Ɗan gyara, Abu_Hafsat. Tetherin ba enzayim ba ne, ba ya sauya wani sinadari. Igiya ce kawai, kai ɗaya a jikin sel, kai ɗaya a jikin ƙwayar da ke shirin fita, sai ta maƙale. An bayyana aikinsa a 2008, kuma HIV-1 tana kwance shi da furotin ɗinta Vpu. Batun wane ya fi ƙarfi kuwa, ban san ma'aunin da za a auna ba. TRIM5 shi yana da ɓangaren enzayim, mai liƙa yubikwitin, amma abin da ya shahara da shi shi ne ya kewaye ƙoƙon ƙwayar kamar raga ya fasa shi tun lokaci bai yi ba.

Abu_Hafsat:
Na karɓi gyara Malam. Allah ya ƙara sani.

Lafiya_Jari:
Alhamdulillah, wannan duk ya tabbatar da abin da muke faɗa kullum, jiki yana warkar da kansa. Akwai haɗin da ke ƙarfafa waɗannan enzayim ɗin ba sai mutum ya dogara da ƙwayoyin asibiti ba. Mai buƙata ya same ni ta akwatin sirri.

Nas_Mai_Dare:
Bawan Allah ka ji tsoron Allah. Ni da idona na ga abin da irin wannan magana take jawowa. Akwai wata baiwar Allah da muke bi shekara da shekaru, ƙwayar ta kwanta har gwaji ba ya ganinta, ta yi ƙiba ta yi kyau. Wani ya ce mata garkuwarta ta dawo, ta ajiye magani ta koma wani haɗi. Ba mu sake ganinta ba sai da aka kawo ta a kwance, bakinta fari fat da ƙuraje, ko ruwa ba ta iya haɗiya. Na riƙe mata kofi tana kuka tana ba ni haƙuri, kamar ni ta yi wa laifi. Ta tashi daga baya, amma da ƙyar, kuma sai da aka sauya mata layin magani. Babu wani haɗi da aka tabbatar yana hana Vif aikinsa. Admin don Allah a duba.

Admin:
Lafiya_Jari, an yi maka gargaɗi na farko. Ba a talla a nan, balle tallan da zai sa wani ya bar maganinsa. A ci gaba.

Baiwar_Allah_07:
Ni ina ɗauke da ita, shekaru da dama ke nan, kuma ina shan maganina. Ban taɓa jin waɗannan sunaye ba sai yau. Na karanta bayanin Sadiq sau uku. Ban san yadda zan faɗa ba, amma na ji wani sanyi da na san jikina bai zauna kawai ya zuba ido ba. Tambayata, tunda gwajina ba ya nuna komai yanzu, wannan APOBEC ɗin ya gama da sauran ne?

Likita_Bello:
'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya, kuma kin kyauta da kika tambaya. Amsar ita ce a'a, maganin ne ya danne ta, kada ki sassauta. Amma akwai abin da zai ba ki mamaki. In aka ɗebi jinin masu shan magani aka karanta kwafin HIV da suka maƙale a DNA ɗinsu, fiye da kashi 90 cikin 100 gurgu ne, ba za su iya haihuwa ba. Wasu wani yanki ne ya ɓace musu, wasu kuma ana ganin tambarin APOBEC ƙarara, G ta koma A ko'ina. Wato ko da Vif, wasu suna kuɓuta su yi ɓarna. Matsalar ita ce ɗan ragowar nan masu lafiya, da ke kwance a sel masu dogon rai. Su kaɗai sun isa su dawo da cutar cikin 'yan makonni in aka daina magani.

Mai_Shakka, ka ce da marar lafiya kake auna abu. To wannan daga jinin marasa lafiya aka gani.

Mai_Shakka:
Dokta wannan ta shige ni, ban musa ba. To me ya hana a yi maganin da zai toshe Vif ɗin, a bar jiki ya ƙarasa aikin? Shekara sama da 20 fa.

Ɗan_Famasi:
An gwada, ana kan gwadawa, babu wanda ya kai kasuwa. Toshe enzayim irin RT ya fi sauƙi, domin yana da ɗan rami da ƙaramin magani zai shiga ya cike. Vif ba shi da irin wannan ramin, fuska ce mai faɗi take manne da wata fuskar. Sannan abokan da ya jingina da su, Cullin5 da CBF-beta, namu ne, sel yana buƙatarsu. Ka taɓa su ka taɓa mai gida.

Sadiq_Lab:
Akwai kuma tsoron rabin aiki. In ka toshe Vif rabi da rabi, APOBEC zai yi sauyin da bai kai na kisa ba. Ƙwayar ta rayu, kuma ta fito da sabuwar kama. Misali sauyin M184I, wanda ke sa maganin lamibudin ya daina kama ta, ATG ne ya koma ATA. G zuwa A ke nan. An yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Zarah_Immuno:
Sadiq a nan ban bi ka duka ba. RT da kansa yana yawan kuskuren G zuwa A, ba sai APOBEC ya taimaka ba. Kuma akwai masu binciken da ke ganin APOBEC3G in ya shiga, ko ɗaya ne, yawanci kisa yake yi, ba ya barin rauni. Ganin G ta koma A bai isa a ce shi ne ba.

Sadiq_Lab:
Ban ce shi ne kullum ba, na ce yana iya yi. Kuma ki tuna ba APOBEC3G kaɗai ba ne a gidan APOBEC3. Su 7 ne a kan kuromozom na 22: A, B, C, D, F, G, H. APOBEC3G yana son inda haruffan C biyu suke jere, F da sauran sun fi son TC, kuma ba su kai shi zafi ba. Masu sanyin hannun nan su nake zargi.

Zarah_Immuno:
Zargi dai. Mu bar shi a zargi.

Uwar_Biyu:
Ni ba fannina ba ne, amma tun ɗazu nake son tambaya. Abin da ke sauya haruffan DNA haka, me ya hana shi sauya namu?

Likita_Bello:
Hajiya, wani lokaci yana yi. APOBEC3G yawanci a wajen cibiyar sel yake zama, nesa da DNA ɗinmu. Amma 'yan'uwansa A da B suna shiga ciki. A 2013 ɗakin binciken Reuben Harris ya danganta APOBEC3B da sauye-sauyen da ake gani a sankarar mama, daga baya aka ga tambarin gidan a sankarar mafitsara, da ta bakin mahaifa, da ta huhu. Shi ya sa duk mai cewa zai "ƙarfafa" miki waɗannan enzayim, ko da gaske yake iyawa, ba alheri zai yi miki ba. SAMHD1 ma haka, yaran da aka haifa da nasu a lalace suna samun ciwon Aicardi-Goutières, garkuwar jiki ta yi ta ihu kamar akwai ƙwayar cuta alhali babu, har ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Tsohon_Malami:
Ina so in koma kan tambayar farko, domin ina ganin duk mun kalle ta ta ɓangare ɗaya. Muna ƙirga ƙwayar da ta ci mu, ba ma ƙirga waɗanda suka zo suka kasa. Birai da gwaggwon biri na Afirka iri fiye da 40 suna ɗauke da nasu SIV, wato 'yar'uwar HIV ta birai. Daga ciki, na cimfanzi da gorila da na wani biri mai suna mangabe ne kawai aka san sun kafu a jikin mutum. Dalili ɗaya shi ne makullin kowace ƙwaya an yanka shi ne daidai ƙofar mai gidanta. Vif na SIV ɗin koren biri ba ya iya kama APOBEC3G na mutum, kuma a 2004 aka nuna bambancin sinadari ɗaya ne tak, a gurbi na 128 na APOBEC3G ɗin. Haka TRIM5 na birin resus yake tare HIV-1 cak, namu kuwa da ƙyar yake taɓa ta. SIV na cimfanzi da furotin ɗinta Nef take kwance tetherin, amma na mutum ya rasa 'yan sinadarai 5 daidai inda Nef ke kamawa. Reshen HIV-1 da ya game duniya, rukunin M, shi ne wanda Vpu ɗinsa ya koyi wannan aikin sosai.

Kuma yaƙin ya girme mu. Kusan kashi 8 cikin 100 na DNA ɗin ɗan Adam ragowar tsofaffin retrobairos ne da suka shiga kakanni suka maƙale. Ɓera jin ɗin APOBEC3 ɗaya gare shi, mu 7.

BabanKhadija:
Malam kashi 8? Wato ni ɗin nan da nake zaune akwai gawar bairos a jikina?

Tsohon_Malami:
Har da wanda aka sa aiki. Furotin ɗin sinsitin, da ke haɗe sel na mabiyiya lokacin da kake ciki, asalinsa rigar wata tsohuwar retrobairos ce.

BabanKhadija:
Yau ba zan yi barci ba.

Ɗalibar_Micro:
Na gode muku duka, na cika shafi huɗu. Amma in faɗi gaskiya har yanzu akwai saura. In Vif yana niƙe APOBEC, ya aka yi Dokta yake ganin tambarinsa a jinin mutane? Ko Vif na wasu ne ya fi na wasu rauni? Kuma waɗanda ake cewa suna danne ƙwayar ba magani, nasu enzayim ɗin ne ya fi ƙarfi?

Likita_Bello:
Na farkon, e, Vif yana bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya, mu ma muna bambanta. APOBEC3H misali, na wasu mutane yana da ƙarko, na wasu yana rushewa da kansa. Na ƙarshen kuwa, masu dannewa ba magani ba su kai 1 cikin 100 ba, kuma abin da aka fi samu a wurinsu shi ne wasu nau'o'in HLA irin B57, furotin da ke nuna wa garkuwar jiki sel ɗin da ya kamu, wato aikin sel masu kisa na CD8. Wannan wani babi ne.

Mai_Shakka:
Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa sai na ga maganin Vif a hannu. Amma na janye maganar cin kuɗi.

Sadiq_Lab:
Zarah, na nemo takardar da nake nufi a kan masu sanyin hannun. Zan ɗora gobe in na fito daga aiki, ki karanta ɓangaren hanyoyin gwajin tukuna kafin ki yanke min hukunci.

Zarah_Immuno:
Ɗora. In a sel na kwalba suka yi, ka san amsata.